A cire ko a bari? Auna hanyoyin maganin ciwon haƙorin da aka rasa dalilinsa

Goggona, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Daura, haƙora uku aka cire mata cikin wata goma sha huɗu, duk a sama ta gefen hagu. Na farkon yana da ɗan rami, wannan babu musu. Sauran biyun kuwa lafiyarsu ƙalau. Na ukun ni na biya kuɗinsa, ni na tsaya a kanta, domin na kasa jure ganinta kullum hannu a kunci, abinci a gaba ta kasa ci. Kwana tara ta samu sarari. A na goma ta kira ni bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, ya dawo fa. Yanzu ga na kusa da shi ya koma." Kafin in ce komai ta ƙara da cewa, "Ko shi ma a fidda shi in huta?"

Wannan tambaya ta Goggo ita ta sa ni rubutun nan. Mai haƙorin da ya ruɓe, kunci ya kumbura, mugunya na fita, ba ya buƙatar dogon bayani, asibiti zai nufa a yi masa aiki ya huta. Wanda nake magana da shi shi ne mutumin da ya haura wata uku yana fama, an duba baki an ce lafiya, an ɗauki hoto an ce babu komai, ko ma an riga an cire amma ciwon yana nan a gurbin da babu haƙori. Irin wannan mutum hanyoyi huɗu ne a gabansa a nan wajenmu. Ko a ci gaba da aiki a kan haƙoran, ko ya zauna a kan magungunan kemis, ko ya koma gargajiya, ko ya nemi a binciki jijiya a ba shi maganinta. Duka huɗun mun bi da Goggo, kuma ma'aunin da na fito da shi ɗaya ne: in hanyar ba ta ɓulle ba, da me za ka iya dawowa? Kuɗi ana sake nema, magani ana dainawa, amma haƙorin babba in ya fita ya fita ke nan. Talatin da biyu ne, babu ƙari.

Sai dai kafin a auna hanya dole a san wane ciwo ake ɗauke da shi, don cututtuka da yawa suna shigar burtu su zo a matsayin ciwon haƙori. Na ainihin yana da halayensa. Ruwan sanyi ko shayi mai zafi na tayar da shi, ya ci gaba da zogi bayan an haɗiye. Yakan tashi mutum tsakar dare. In likita ya ƙwanƙwasa haƙorin da ƙarfe, mai shi zai zabura ya ce wannan ne. Kuma ba ya tsayawa yadda yake, cikin makonni ko dai ya ƙaru har ya kai ga kumburi, ko jijiyar cikinsa ta mutu ya lafa na wani lokaci. Ciwon da ya yi wata shida bai kumbura ba, bai sauya kama ba, da wuya a ce ruɓewa ce.

Akwai dai wanda na haƙorin ne amma hoto ba ya kama shi, wato tsagewa. Mu da muke fasa aya da ƙashi, muke gwaguyar goriba, muke ɓare rake da haƙori, ga tsakuwar da ake cin karo da ita a wake ko shinkafa, tsaga siririya kamar gashi ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Alamarta suka ce mai kaifi in an ciji abu mai tauri, musamman daidai lokacin da aka saki cizon. Likita zai sa ka ciji wani abu haƙori bayan haƙori, ya haska fitila ta cikinsu. A tabbatar an kawar da wannan kafin a ɗora wa jijiya laifi.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abu uku, ta jini, da mai taurin nan ta cikin nama, da wadda ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa. Ta ukun nake nufi. Kusan duk abin da fuska ke ji, jijiya ɗaya ce a kowane gefe ke ɗaukarsa, likitoci na ce mata tirajeminal, mai rassa uku. Ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kunci da haƙoran sama, ɗaya muƙamuƙi da haƙoran ƙasa da harshe. Da yake saƙon duk a mahaɗa ɗaya yake taruwa, ƙwaƙwalwa takan ɓata adireshi, ciwo yana wani wuri ta ce a haƙori yake. Wani lokaci kuma jijiyar ce da kanta ke aika saƙon zafi babu abin da ya taɓa ta, kamar hon ɗin mota da ya maƙale yana ta ƙara ba mai danna shi. Na Goggo ke nan. Ciwo ne mai nauyi, can ciki, kamar ana danna wurin ko ana ja, yana nan kusan wuni guda, ruwan sanyi bai dame shi ba, kuma yawanci yakan bar mutum ya yi barci, sai an farka ya kama. Sau da yawa mai shi zai ce maka tun ranar da aka yi masa wani aiki a haƙori ya fara. A tsarin rarrabe ciwukan baki da fuska da masana suka fitar a 2020 an ba shi suna da sharuɗɗa: ya riƙa zuwa kullum fiye da awa 2, ya wuce wata 3, kuma duba da hoto su kasa nuna dalili a wurin. Mata sun fi maza samunsa, musamman daga shekara 40 zuwa sama. Na kawo wannan ne don a san cuta ce sananniya a wurin likitoci, domin kafin mu sani an ce wa Goggo raki, an ce son jiki, wasu har suka fara kallon kishiyarta.

Ɗan'uwan wannan ciwo na kusa bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Akwai wani dattijo a masallacin unguwarmu, wajen Ƙofar Marusa, da na lura in ya zo wanke fuska a alwala sai ya dakata, ya shafa ruwan a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Ashe da ruwa ya taɓa gefen hancinsa sai ya ji kamar wutar lantarki ta fizge shi daga leɓe zuwa kunne, daƙiƙa kaɗan ta sake shi. Asuwaki, tauna, magana, har iskar hunturu in ya hau babur, duk suna tayar da ita. Tsakanin fizga da fizga kuwa lafiya lau. Wannan ita ce fizgar jijiyar tirajeminal. Gefe ɗaya take kamawa, ba ta wuce minti 2, ta fi samun waɗanda suka haura 50, kuma galibi wata jijiyar jini ce ke danne ta can a gindinta kusa da ƙwaƙwalwa. Shi ma sai da aka cire masa biyu kafin a gane. Na ware ta ne domin maganinta daban.

Sai naman muƙamuƙi. Sa yatsu a kunci ka cije, abin da ya taso ɗin nan shi ne naman tauna, akwai wani kuma a gefen kai, saman kunne. In sun gaji ko sun ɗaure suna jefa ciwo cikin turame, manyan haƙoran tauna na ciki, har mutum ya rantse haƙori ne. Mai goro a baki tun safe, mai cingam, mai cije haƙora in ransa ya ɓaci, mai gurza su cikin barci, su ne 'yan gidan. Gwajin ba wuya. In an danna naman da ƙarfi sai ciwon haƙorin da ka saba ji ya taso, to an bar jaki ne ana dukan taiki. Wannan yana cikin masu daɗin magani, a huta da goro da ƙashi da ganda na wasu makonni, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, mai gurzar haƙora a yi masa robar da zai sa da dare. Haka kogon da ke cikin ƙashin kunci, wanda ke haɗe da hanci. Saiwoyin turamen sama suna daf da ƙasansa, in mura ta zauna a ciki, kamar yadda ake yawan samu da ƙurar hunturu, sai haƙora biyu ko uku na sama su yi ciwo tare, hanci a toshe, kuma ya ƙaru in an sunkuya ruku'u ko sujada.

Wasu kuma harshe ne ko baki gaba ɗaya ke raɗaɗi kamar an kurɓi koko da zafinsa, a duba babu ƙuna babu ƙurji. Ya fi samun mata bayan ɗaukewar al'ada, da safe da sauƙi, yana ƙaruwa zuwa yamma, kuma cin abinci kan ɗan rage shi. A nan gwajin jini ne farko, a duba ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da ciwon suga, a duba fangas ɗin nan mai sa harshe fari, a kuma duba magungunan da ake sha, don wasu na hawan jini suna iya jawo shi. Masu sikila su sani rikicin jininsu na iya sauka a muƙamuƙi da haƙori lafiyayye. Wanda kuma ya taɓa yin ƙuraje masu ruwa da zafi a gefe ɗaya na fuska, waɗanda ƙwayar ƙarambau ke dawowa da su a girma, ciwo kan zauna a wurin bayan sun warke.

Akwai alamun da ba a tsayawa auna komai a kansu. Kumburin da ke gangarowa ƙarƙashin haɓa da zazzaɓi, haɗiya ko buɗe baki na gagara, asibiti ne a daren. Ciwon muƙamuƙin ƙasa da ke zuwa in an yi sauri ko an ɗauki kaya, ya lafa in an huta, ko ya zo da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ake zargi. Gyambo a baki da ya yi mako 3 bai warke ba, ko leɓe da haɓa su mutu ba sa ji, a binciki ciwon daji, balle ga mai shan taba ko mai cusa ta a baki. Wanda ya wuce 50 kuma ya sami sabon ciwon gefen kai, muƙamuƙi na gajiya in yana tauna, ido na dishi-dishi, ya ga likita a ranar, domin ana iya rasa gani.

To, mu koma ga hanyoyin. Ta farko, aiki a kan haƙori, ita ta fi jan hankali domin tana da ranar gamawa. Ka je, a yi allura, a fitar, ka ga abin da idonka a cikin tasa. Iri biyu ce. Cirewa ta fi araha, zama ɗaya ne, kuma kusan duk inda ke da sashen haƙori ana yi. Kashe jijiyar haƙori, wato a huda shi a kwashe abin da ke cikin saiwa a cike, ya ninka ta kuɗi, yakan ɗauki zama biyu ko uku, daga baya galibi sai an sa masa hula, amma haƙorin yana nan. In cutar tana cikin haƙorin, kowannensu yana gama magana, kuma da ni zan zaɓar wa mutum, in aljihu zai ɗauka kuma haƙorin zai gyaru, na biyun zan zaɓa. In kuwa cutar ba a nan take ba, duka asara ne, sai dai asarar cirewa ta fi girma. Kowace cirewa yanke reshe ne na jijiyar da dama a fusace take, shi ya sa ciwon kan ƙaru ko ya koma maƙwabci. Ga kuma abin da giɓin ke jawowa. Na kusa su karkato, na ƙasa da ya rasa abokin tauna ya riƙa tasowa, ƙashin wurin ya zaizaye, tauna ta koma gefe ɗaya har naman wancan gefen ya fara nasa ciwon. Goggo mai son kilishi yanzu sai an daka mata.

Sararin kwana taran nan shi ne tarkon. Allura, da maganin da aka sha bayan aiki, da zafin rauni da ya danne na asali, da sa rai, su ne suke haɗuwa kowa ya ce an dace. Ko a ƙasashen da kayan aiki suka wadata, nazarin da aka tattara a 2010 ya nuna kusan mutum 5 cikin 100 suna ci gaba da jin ciwo wata shida bayan an kashe musu jijiyar haƙori, kuma fiye da rabinsu ciwon ba daga haƙorin yake ba. Ba kuma kullum ne laifin yake ga mai cirewa ba. A na ukun Goggo mu muka nace, ni da bakina na ce a cire.

Hanya ta biyu kowa yana kanta ba tare da ya zaɓa ba. A ledar Goggo na tarar da farasitamol, diklofenak, ibufurofen, da kala biyu na maganin kashe ƙwayoyin cuta, wasu ma babu kwali. Kemis yana kusa, babu layi, kuɗin rana ɗaya ba shi da yawa. Ga ciwon ruɓewa ko na nama, ibufurofen da farasitamol suna aiki sosai na 'yan kwanaki kafin a kai ga likita. Ciwon jijiya kuwa da ƙyar suke taɓa shi, sai mutum ya riƙa ƙara yawa. Diklofenak da ibufurofen na wata da watanni suna cin ciki su jawo olsa har da zubar jini, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini, ga mu a ƙasar zafi inda jiki ke bushewa, balle da azumi. Farasitamol in ya wuce giram 4 a rana ga babba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, hanta yake ci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta babu abin da zai yi wa ciwon da ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, sai dai ya sa ranar da kake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Matakin da ya fi ba ni tsoro shi ne na gaba, tiramadol. Shi kam yana rage zafin da farko, kuma nan haɗarinsa yake. Jiki na sabawa, adadi na ƙaruwa, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma haɗa shi da wasu magungunan jijiya ba da sanin likita ba ganganci ne. Mun ga abin da shi da kodin suka yi wa gidaje a Arewa, har gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Uwar gida mai shekara hamsin da ta fara saboda haƙori ba ta fi ƙarfin kamuwa ba.

Gargajiya ba abu ɗaya ba ce, sai an rarrabe. Kurkurar ruwan gishiri mai ɗumi ba ta cutarwa. Kanumfari magani ne na gaske, man da ke cikinsa yana kashe zafi, likitocin haƙori ma suna amfani da sinadarinsa a wasu kayan cikonsu. Amma a ramin haƙori yake aiki, na ɗan lokaci, in kuma aka yi ta danna shi a dasashi yana ƙona shi. Addu'a da tofi ba su hana magani, magani bai hana su ba. Goggo ba ta bar su ko rana ɗaya ba, kuma na ga amfanin natsuwar da suke ba ta, domin ciwon jijiya yana ƙaruwa da tashin hankali da rashin barci. Waɗanda nake roƙon a guje su ne masu ƙona baki, irin ruwan batir da fetur da asfirin da ake liƙawa a dasashi. Zafin ƙunar ne yake danne na asali na awa kaɗan, sannan ya bar gyambo. Sai masu fitar da tsutsa da hayaƙi su nuna maka ita a kwano. Babu tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da shi ido ba ya ganinsu, sukari suke ci su fitar da tsami mai cin haƙorin. Cire haƙori a kasuwa ko a gida da awartaki kuwa ya haɗa asarar hanya ta farko da karyewar saiwa, da zubar jini, da ɗaukar ciwon hanta ta ƙarfen da ba a dafa ba.

Hanya ta huɗu ita ta fi gajiyarwa, ba ta da ranar gamawa, kuma ita nake ba da shawara. Mun same ta ne ta hannun wani likitan haƙori a nan Katsina da ya ƙi cire na huɗun. Ya ƙwanƙwasa, ya sa sanyi, ya danna naman kunci, ya sake ɗaukar hoto, sannan ya yi mata allurar kashe wurin ya ce mu jira. Leɓe ya mutu, dasashi ya mutu. Ya ce, "Hajiya, yanzu fa?" Ta ce, "Likita, yana nan inda yake." Ya ce, "To, Hajiya, in na cire wannan na zalunce ki." Gwajin allurar nan ba shi kaɗai ake dogara da shi ba, don wani mai ciwon jijiyar ma yakan ji sauƙi da ita, amma in wuri ya mutu ciwo bai motsa ba, ya isa a ajiye ƙarfen cirewa.

Magungunan jijiyar da za ka ji sunansu kashi uku ne, kuma ba sa maye gurbin juna yadda aka ga dama. Amitiriftilin tsohon magani ne, shi ya fi araha, sau ɗaya ake sha da dare, a fara da kaɗan, miligiram 10 zuwa 25, a riƙa ƙarawa a hankali. Shi aka fi fara gwadawa ga ciwo mai zama irin na Goggo, yana kuma taimaka wa na naman muƙamuƙi da ya daɗe. Yana sa barci, da bushewar baki, da taurin bayan gida, da jiri in an miƙe da sauri, wasu da ƙiba. Mai ciwon zuciya, mai hawan ruwan ido da ake kira gilakoma, da dattijo mai wahalar fitsari, dole likita ya sani kafin ya rubuta. Bushewar bakin kuma tana saurin ruɓar da haƙori, don haka a ƙara kula da buroshi da man goge baki, a rage alewa da shayi mai sukari. Gabafentin da firegabalin su ne madadi in na farko bai karɓi mutum ba. Sun fi tsada nesa ba kusa ba, sau biyu ko uku ake sha a rana, suna sa jiri da barci da kumburin ƙafa, ana rage adadinsu ga mai ciwon ƙoda, kuma firegabalin ya shiga hannun masu shaye-shaye, a kulle shi in akwai samari a gida.

Kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, shi ne na fizgar nan ta dattijon masallacinmu. Tun 1962 ake ba da shi a kanta, kuma mafi yawan masu ita suna jin sauƙi cikin kwanaki, har amsawar da cutar ta yi masa na taimaka wa likita ya tabbatar da ita ce. Ga ciwo mai zama kuwa ba shi ne na gaba ba. Ya fi sauran son sa ido. Ana gwajin jini lokaci-lokaci, yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, yana da haɗari ga mai ciki, kuma ƙuraje a jiki ko gyambo a baki da jan ido a makonnin farko na nufin a koma asibiti nan take. In ya daina aiki, ko mai fizgar matashi ne, ana ɗaukar hoton MRI na kai, kuma akwai tiyatar da ake raba jijiyar jinin da wadda take dannewa.

Abu biyu ke sa mutane watsar da wannan hanya, mu ma saura kaɗan su sa mu. Na farko shi ne suna. Wani ya karanta wa Goggo takardar cikin kwali ya ce ai wannan na masu ciwon damuwa ne. Ta ajiye shi mako guda ba ta faɗa wa kowa ba, da na matsa ta ce, "Ɗan nan, mahaukaciya kuka mai da ni?" Gaskiya ne don damuwa aka fara yin amitiriftilin, kabamazafin da gabafentin kuma na farfaɗiya ne, amma duk aikinsu kwantar da jijiyar da ke aika saƙo fiye da kima ne, kuma abin da ake ba mai ciwo na amitiriftilin bai kai na mai damuwa ba. Na biyu shi ne jinkiri. Barcin da bushewar bakin a daren farko suke zuwa, amfanin kuwa sai an yi mako 2 zuwa 6. Ba a jira ciwo ya tashi a sha, kullum ne, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ba zan ɓoye ba, ba kowa ke rabuwa da ciwon sarai ba. Sau da yawa ragewa ce, daga ciwon da ya hana ka kasuwa zuwa wanda kake mantawa da shi in hira ta yi daɗi. Amma in wannan magani bai yi ba, a janye shi a gwada wani, bakinka yana nan yadda yake. Wannan shi ne abin da hanya ta farko ba za ta iya ba ka ba.

Ta ina za a fara? Da cikakken likitan haƙori, kuma ba laifi ba ne ka tambaya a haɗa ka da shi. A Katsina akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka sani da FMC a da. Mutumin Daura zai iya farawa da asibitin garinsu ya karɓi takardar turawa, tafiyar kusan kilomita 80 ce. In abin ya buƙaci ƙwararrun baki da muƙamuƙi ko na jijiya, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A tafi da tsofaffin hotuna da ledar magunguna gaba ɗaya, har wanda ake jin kunyar nunawa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya fi taimaka mana shi ne ɗan littafin da jikar Goggo ta riƙa rubutawa mako biyu kafin mu koma, ƙarfe nawa ya fara, ya daɗe nawa, me ya tayar da shi, ya tashe ta daga barci ko a'a, kuma in an auna daga 0 zuwa 10 nawa za ta ba shi. Likitan ya fi daɗewa a kan littafin nan fiye da hoton. In kuma an ce za a cire, ka yi tambaya uku cikin ladabi. "Likita, nuna min abin da ka gani." "Wane gwaji ne ya tabbatar da wannan haƙorin ne?" "In an cire bai daina ba, sai me?" In ba a iya nuna maka komai ba, kuma babu kumburi babu zazzaɓi, ka nemi a ba ka mako biyu ka ga wani likitan.

Goggo yanzu wata takwas ke nan a kan maganinta. Haƙori na huɗun yana nan. Takan ce ciwon daga takwas ya sauko uku, sai in ta kwana ba barci ko an yi rasuwa a dangi ya ɗan taso, ya kwanta bayan kwana biyu. Maganar cike giɓin da haƙoran roba likita ya ce a jira ya ƙara lafawa, kuma wanda ake cirewa a mayar za a yi mata, ba wanda ake dasawa cikin ƙashi ba, don kada a sake taɓa jijiyar. Ranar Laraba mai zuwa za ta shigo motar safe daga Daura, mu je a duba ko lokacin fara rage ƙwayar ya yi.